Darasi: Tuƙa motar daji mai kujeru biyu a hanyar gona

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau mun baro cikin garin Kaduna, muna bayan Kujama ta hanyar Kachia, inda muka sauka daga kwalta muka hau jar ƙasa. Ƙanena ne riƙe da waya, in kun ga hoton na rawa, laifin ramuka ne.

Wannan da nake jingine da ita Polaris Ranger ce, 'yar Amurka. Direba da fasinja kafaɗa da kafaɗa suke zama, ga sitiyari, ga totur da birki, ga ɗan bodi a baya na buhunan taki. Ba sabon abu ba ne, tun 1988 kamfanin Kawasaki ya fito da tasa mai suna Mule. Amma kamar da take yi da mota ita ke yaudarar mutane. Doguwa ce a tsaye, ba faɗi, don haka ta fi mota saurin kifewa.

Kai, matso da wayar nan ka nuna musu giya. Kun ga H, giyar gudu, kun ga L, giyar ƙarfi. Babu kulocin takawa, bel ne na roba a ciki yake jan ta. To ga inda ake asarar kuɗi. Mutum ya loda buhu biyar, ya nufi tudu a H yana taka totur a hankali. Bel ɗin sai ya riƙa zamewa yana zafi, kafin ka ankara ƙaurin roba ya cika maka hanci. Ni da bakina nake faɗa, na ƙona ɗaya a watan Agusta cikin taɓo. Kwana biyu ina zagaye kasuwar Panteka, ƙarshe sai daga Legas aka aiko min. Tun daga ranar, in da kaya, ko hawa, ko laka, ko tafiyar hawainiya, L nake sakawa. Kuma sai ka tsaya cak kafin ka canza.

Mu shiga. Ɗaura bel ɗin kujera, sa hular kwano. Eh, har da kai, mai waya.

Ku duba hannuna a sitiyari. Babban yatsa a waje yake, ban zura shi ciki ba. In taya ta bugi kututture, sitiyarin fizgewa yake yi, ya tafi da yatsan.

Ga tudun a gabanmu, zaizaya ta tsaga shi biyu. Kai tsaye ake hawa, kai tsaye ake sauka. Kada ka ratsa shi a karkace, nan ne take kwantawa. In ta gaza a tsakiya, kada ka yi ƙoƙarin juyawa. Taka birki, sa ribas, ka gangaro a hankali ta inda ka hau.

Abin da na fi so ku riƙe shi ne wannan. In Allah ya kawo tsautsayi ta fara karkata, jikinka zai ce ka fitar da hannu ko ƙafa ka tokare ƙasa. Kada ka yi. Ƙarfen nan da ya kewaye mu don ya kare ka aka yi shi, amma in hannunka na kansa, shi zai danne maka. Direba ya riƙe sitiyari, fasinja ya riƙe mariƙin da ke gabansa. Yaron da ƙafarsa ba ta kai ƙasa in ya jingina da kujera, a bar shi gida.

Da rani kuma ƙura ce matsalar, a riƙa duba matatar iska. Sannan sanin kowa ne yadda dajin nan yake, ka faɗa wa na gida inda za ka, ka dawo kafin la'asar sakaliya.

To ga rafi. Sauka ka sa sanda mu ga zurfin. Iya ƙwauri? Bai kai inda muke ɗora ƙafa ba, za mu wuce. Muna fita zan ɗan riƙa taka birki har ya bushe. Hau, riƙe wayar da kyau. Bismillah.