Ciki Ba Don Tuwo Kaɗai Aka Yi Shi Ba: Lacca Kan Ma'aikaci, Sirrinsa da Haƙƙinsa

Wannan lacca ce da wani tsohon jami'in ƙungiyar ƙwadago ya gabatar a Birnin Kebbi, a gaban malaman makarantu masu zaman kansu, da ma'aikatan asibiti, da na kamfanonin casar shinkafa. An rubuto ta daga muryar da aka naɗa, an rage maimaici.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena da ke zaune a gaba, ina gaisuwa. Malamai mata da na ga kun cika wancan gefen, sannunku da ƙoƙari, na san wasunku daga aji kuka wuto nan ko gida ba ku leƙa ba.

Zan fara da abin da ya same ni, domin shi ne ya jefa ni harkar ƙwadago. Ina saurayi, ina koyarwa a wata makaranta mai zaman kanta da ba zan kama sunanta ba. Aji uku a wuyana, albashi sai ya kai goma ga wata bai shigo ba. Na ji ana ɗaukar ma'aikata a wani wuri, na kai takarduna, aka kira ni ganawa. Don murna sai na gaya wa abokin aikina, wanda muke cin tuwo kwano ɗaya. Mutumin kirki ne, har gobe muna gaisawa. Shi ma ya gaya wa matarsa, ita kuma ƙanwar matar mai makarantar ce ta wajen uwa. Kwana uku, aka aiko ɗalibi ya kira ni ofis. Na tarar da mai makaranta da mataimakinsa, ga farar takarda da biro a kan tebur. Ya ce, "Malam, mun ji za ka bar mu. To, ba mu riƙe kowa. Rubuta ka ajiye aiki, mu rabu lafiya." Fanka tana juyawa a sama amma gumi ya jiƙa min riga. Na ɗauki biro na rubuta layi uku, na sa hannu. Wancan aikin da nake jira kuwa, wani aka ba. Na yi wata bakwai a gida, matata tana da tsohon ciki. Na saki reshe na kama ganye, kuma da hannuna na rubuta takardar da ta hana ni neman ko sisin kwabo.

Kuskure biyu na yi a mako guda: na yi magana inda ya kamata in yi shiru, na sa hannu inda ya kamata in ce a ba ni lokaci.

Mu ɗauki na farko. Garuruwanmu ba Legas ba ne. Nan Birnin Kebbi, ko Argungu, ko Jega, ko Yawuri, in ka bi dangin mutum uku sai ka iske sun haɗa kaka. Manajan da kake son bari da wanda kake son komawa wajensa, wataƙila sahu ɗaya suke sallar asuba. Saboda haka maganar neman aiki, kai da Allah, sai mutum ɗaya da ka tabbatar bakinsa yana da linzami. Wasu suna jin kamar cin amana ne su ɓoye. Wallahi ba cin amana ba ne. Annabi Yakubu, alaihis salam, cewa ya yi da ɗansa Yusufu kada ya ba 'yan'uwansa labarin mafarkinsa, yana nan a aya ta 5 cikin Suratu Yusuf. 'Yan'uwa fa na jini. Amanar da ke wuyanka ita ce ka yi aikin da ake biyanka dominsa, kada ka kwashe sirrin wurin ko sunayen abokan cinikinsu ka kai wa wani. Shirin rayuwarka kuwa naka ne.

Yanzu ma abin ya fi na zamaninmu haɗari, saboda waya. Yaro zai zauna a kwamfutar ofis ya rubuta takardar neman aiki, ya tura ta imel ɗin kamfani, ya yi fotokwafi a injin ofis har ya manta asalin takardar a ciki. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin gidanka da wasiƙunka da hirarka ta waya, ga kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023. Amma kwamfutar ofis kayan mai ofis ne, kada ka ba shi hujja da hannunka. Yi da wayarka, da kuɗin datarka, bayan an tashi aiki. Kada ka sa a WhatsApp cewa "Allah Ya sa mu dace gobe", domin kowa zai tambaya goben me. In sabon wurin suka nemi sunan wanda zai yi maka shaida, ka roƙe su a fili: don Allah kada a tuntuɓi inda nake aiki sai kun yanke shawarar ɗauka ta. Wurin da ya san mutunci zai gane.

To me ke sa mutum neman tafiya tun farko? Ba kullum kuɗi ba ne. Na ga ma'aikaciyar jinya da ke kwana uku a jere tana aikin dare saboda ba a ɗauki mai canjinta ba. Na ga yaran injin shinkafa daga safe har dare cikin ƙura, a zafin Afirilu da ya wuce digiri 40. Mutum ya dawo gida ba ya iya cin abinci, yaro ya taɓa shi ya daka masa tsawa, daren Lahadi barci ya gagara don tunanin Litinin. Mu sai mu ce ai haƙuri ne, ko mu ce sammu ne. Je ka a auna jininka tukuna. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2019 ta amince cewa akwai gajiyar da ke cinye mutum wadda matsin aiki ke haifarwa. Mu ma nan, dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF ke kula da ita, sashe na 8 ya yi maganar damuwar ƙwaƙwalwa da aiki ya jawo, da sharuɗɗanta. Dokar Ƙwadago kuma ta ba ka hutun rashin lafiya har kwana 12 a shekara da albashinka, in likita ya ba da takarda, da hutun shekara aƙalla kwana 6 na aiki bayan ka cika wata 12, da yini guda na hutu a kowane mako. Kwana 6 ya yi kaɗan, ni ma na faɗa a wurare da dama, amma ko shi ɗin mutum nawa ne a ɗakin nan aka taɓa ba?

Sai na biyu, wanda ya fi ci mini rai: ranar da aka kira ka ofis. Ku saurara da kyau. In ka shiga, yi sallama, gaida su da girmamawa, ranka ya daɗe ba ta rage ka da komai. Ka shiga da littafi da biro naka. In aka tambaye ka ko kana neman wani aiki, ba dole ne ka yi ƙarya ba, ba kuma dole ne ka zazzage cikinka ba. Ka ce, "Ranka ya daɗe, ina nan ina aikina, ranar da zan tafi zan sanar da ku a rubuce kamar yadda ƙa'ida ta ce." Shi ke nan. In aka turo maka takarda, ka ce a ba ka ka je ka karanta, ka dawo da amsa gobe. In takardar tuhuma ce, karɓi, ka amsa a rubuce cikin lokacin da aka ba ka, da sanyin harshe, ka riƙe kwafi. In kana da ƙungiya, nemi wakilinku ya zauna da kai. Sashe na 40 na Kundin Tsarin Mulki ya ba ka 'yancin shiga ƙungiyar ƙwadago, Dokar Ƙwadago kuma ta hana a kore ka saboda ka shiga. In ka fito, tun kafin ka sha ruwa, rubuta ranar da lokacin da waɗanda suka halarta da abin da kowa ya ce.

Me ya sa suke son ka rubuta da kanka? Domin wanda aka sallama yana da haƙƙin wa'adi ko kuɗin wa'adi. Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ya tsara shi: kwana 1 ga wanda bai wuce wata 3 ba, mako 1 ga wanda bai kai shekara 2 ba, mako 2 daga shekara 2 zuwa 5, wata 1 ga wanda ya kai shekara 5 ko fiye. Kai ma in za ka tafi haka za ka ba su, sai in yarjejeniyarku ta faɗi fiye da haka. Shi ya sa nake roƙonku ku nemi takardar ɗaukar aiki. Sashe na 7 ya wajabta a ba ka sharuɗɗan aikinka a rubuce kafin wata 3 su cika. Da yawanku "zo gobe ka fara" kawai aka ce muku. In sun ƙi bayarwa, adana saƙon banki na shigar albashi, da katin shaida, da jadawalin aiki mai sunanka. Wannan doka ta fi shafar leburori da ƙananan ma'aikata. Manyan ma'aikata da ƙwararru yarjejeniyarsu ce ke magana, ma'aikatan gwamnati kuma suna da ƙa'idojin aikin gwamnati. Amma kowa yana iya zuwa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya damƙa wa shari'un aiki, tana da reshe nan kusa a Sakkwato. Kotun nan tana sauraren wanda aka matsa wa har ya ajiye aiki ba da son ransa ba, sai dai za ta tambaye ka hujja. Kafin kotu, akwai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a.

Kan albashi, a taƙaice: an sa hannu kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a Yulin 2024, Gwamnan Kebbi Nasir Idris, wanda shi ma tsohon shugaban ƙungiyar malamai ta ƙasa ne, ya amince da 75,000 ga ma'aikatan jiha. Sai dai dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma nan ne mafi yawanku kuke. Ga masu irin waɗannan wurare ina tuna musu hadisin da Ibnu Majah ya ruwaito: a ba ɗan ƙwadago ladansa kafin guminsa ya bushe.

Daga nan aka ba da damar tambaya. Wata malama ta miƙe ta ce, "Baba, ni kawuna ne ya yi mini hanyar aikin da nake yi, mai makarantar amininsa ne. In na ɓoye masa ina neman wani, ai na ci mutuncinsa."

Ya amsa: 'Yata, tambayarki ta fi duk abin da na faɗa wuya, don wannan ba a kotu ake warware shi ba. Ga abin da nake ba da shawara. Ki yi shiru har takardar ɗauka ta shigo hannunki, mai sa hannu da ranar fara aiki, ba alkawarin baki ba. Ranar da kika karɓa, kada ki fara zuwa makaranta. Ki je gidan kawu da yamma, ki durƙusa ki gaishe shi, ki nuna masa takardar, ki ce kin zo neman albarka, kuma kina so shi ya fara ji kafin kowa. Ki roƙe shi ya kira amininsa da kansa. Washegari ki kai takardar ajiye aiki da cikakken wa'adi, ki sa a buga hatimi a kwafinki. Ki gama makin jarrabawar yaran nan kafin ki tafi, ki miƙa rajista da makullin kabad a gaban shaida, shi ma a rubuta.