Fodkas: Busasshen Itace Aka Ce, Ba Jiƙaƙƙe Ba

Hauwa: Assalamu alaikum masu sauraro, daga nan Gombe. Ni ce Hauwa, ga Auwal, yau kuma mun yi babban baƙo, kawuna, wanda ya tsufa a aikin wayarin. Kawu, shekaranjiya bayan ruwan nan wayar lantarki ta tsinko a layinmu, wani yaro ya ɗauko sanda zai ture ta, mutane suka yi masa ca. Ba cewa aka yi itace ba ya ɗaukar wuta ba?

Kawu: Busasshe aka ce, 'yata. Sandar da ta kwana a ruwa ai ta tashi daga itace, ta zama hanya. Allah ne ya tsare yaron nan.

Auwal: To Kawu, a fara daga tushe. Me ya raba abin da wuta ke bi da wanda ke tare ta?

Kawu: Ka san awaki? Da rani a sake suke, da damina kuwa kowace tana turke. A jikin kowane abu akwai wasu 'yan mitsi-mitsi da ake kira ilektiron. Na cikin ƙarfe a sake suke, ana kora su sai su ɗunguma, wannan tafiyar tasu ita ce wutar. Na roba da gilashi da tangaran kuwa a turke suke, ka yi ta kora, ba inda za su.

Hauwa: Shi ya sa wayar caja cikinta jan ƙarfe, bayanta roba.

Kawu: Yauwa. Azurfa ma ta fi jan ƙarfe ɗaukar wuta, amma wa zai yi wayarin gida da azurfa? Ai kafin gari ya waye an kwashe.

Auwal: Jan ƙarfen ma ya ya ƙare da 'yan jari-bola!

Kawu: Bari kawai. Manyan layukan sama kuma alminiyam ne. Bai kai jan ƙarfe ba, kusan kashi 60 cikin 100 yake yi, sai dai ba nauyi, ga araha.

Auwal: Na karanta yadda aka gano abin. Wani Bature a Ingila, Stephen Gray, a 1729 yana tura wuta ta cikin doguwar igiya da ya rataye da zaren siliki. Da zaren ya tsinke sai ya maye gurbinsa da siririyar wayar tagulla, nan take wutar ta daina kaiwa ƙarshe, ta sulale ta tagullar.

Hauwa: Ikon Allah. To ruwa fa? A makaranta an ce mana tataccen ruwa da ƙyar yake ɗaukar wuta.

Kawu: Gaskiya ne, amma ina kika taɓa ganinsa? Na rijiya, na famfo, na kwata, duk akwai gishiri-gishiri narke a ciki, su ke ɗauka. Gumi ma haka. Busasshiyar fata tana ɗan tarewa, jiƙaƙƙen hannu kuwa ƙofa ce a buɗe. Ki duba masu tsoma hita a bokiti su sa yatsa su ji ko ruwa ya yi zafi, ƙafa ba takalmi. Wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Auwal: Amma kurciya ta zauna kan waya lafiya lau.

Kawu: Ƙafafunta biyu waya ɗaya suke kai, wutar ba ta da inda za ta fita. Jemage da ya haɗa biyu, ai kana ganinsa a rataye ya bushe.

Hauwa: Ke nan in na sa silifas na tsira?

Kawu: A'a! Kowane makari, wato abin da ke tare wuta, yana da iyaka. Iska ma makari ce, amma in ƙarfi ya kai sai ta fashe, ita ce tsawa. Da bolt ake auna ƙarfin wuta: ta soket bolt 230 ce, babban layin da ke shigowa Gombe kuwa 330,000. Ki ɗaga kai ki ga faya-fayan gilashi ko tangaran da ke riƙe da wayar, kamar an jera murafan kwano. Ƙaramin layi 'yan kaɗan ne, babba kuwa doguwar sarƙa. Kuma an yi musu leɓe ne don ruwan sama kada ya haɗe su daga sama har ƙasa.

Auwal: Kawu, ga cajata nan, robar ta ɗan sale, na naɗe da leda.

Kawu: Miƙo in gani. Leda? Hauwa, buɗe jakar can ki ɗauko mini baƙin tef.