Ɗaki biyu, mutum uku: wa zai biya nawa?

Auwal: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Ga Anti Bilkisu, ga Nura. Yau maganar haya za mu yi, amma ba tsakanin ɗan haya da mai gida ba. Tsakanin waɗanda suka haɗa kuɗi suka kama gida ɗaya a nan Abuja.

Bilkisu: Wato mafi yawan samarin da ke aiki a garin nan. Mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne tun 2024, alawus ɗin masu bautar ƙasa 77,000. Wa zai kama gida shi kaɗai da wannan? Ga shi ba wata-wata ake biya ba, kuɗin shekara ake so a dunƙule, wani mai gidan ma ya ce shekara biyu. Ka ɗora kashi 10 na ejan, ka ɗora kuɗin lauya, ka ɗora kuɗin ajiya saboda ɓarna.

Nura: Shi ya sa kowa ya gudu Kubwa da Lugbe da Dutsen Alhaji. Wasu ma sun tsallaka Mararraba, suna kwana a Nasarawa suna aiki a Abuja. Ni dai a wajena maganar ba ta da tsawo: a raba daidai. Mu uku ne, kowa ya kawo kashi ɗaya cikin uku, shi ke nan.

Bilkisu: Nura, kai da ji ka san babban ɗakin ka taɓa samu.

Nura: Haba Anti!

Bilkisu: To ai wanda ya samu ɗaki mai banɗaki a ciki ne yake saurin cewa a raba daidai. Je ka tambayi wanda tagarsa ke kallon janaretan maƙwabci, banɗakinsa kuma shi ne na duk baƙon da ya shigo falo. Shekara guda yana biyan abin da kake biya, yana murmushi, ciki kuwa na ciwo.

Auwal: Kuma ba zai faɗa ba, nan matsalar take. Kunya. Mu dai an rene mu a kan cewa ƙorafi kan kuɗi da aboki ƙaranta ne. Sai a yi shiru har ranar da rigima za ta tashi a kan wanda ya ƙarar da gas, alhali ba gas ɗin ba ne.

Nura: To ku kawo lissafinku in ji.

Bilkisu: Mu ɗauki misali. Gida mai ɗaki biyu da falo, mu ce kuɗinsa miliyan 1 da dubu 800, mutum uku. Ka fara ware abin da kowa ke amfani da shi, falo da kicin da tsakar gida. Mu ce dubu 600. Wannan a raba daidai, kowa dubu 200. Saura miliyan 1 da dubu 200 kuɗin ɗakuna ne. Babban ɗaki dubu 700, ƙarami dubu 500. Mutum biyu suka haɗu a babban, kowannensu dubu 350, ka haɗa da na falo ya zama dubu 550. Wanda ya ɗauki ƙaramin shi kaɗai, dubu 700.

Nura: Tsaya. Mai ƙaramin ɗaki ne ya fi biya?

Bilkisu: Shi ne mai mukulli a aljihu. Ya rufe ƙofarsa lokacin da ya ga dama, ya kashe fitila lokacin da ya so, ba mai yi masa munshari a kunne. A Abuja wannan ma kuɗi ne.

Auwal: Amma Anti, wa ya yanke cewa babban ɗaki dubu 700 ne? Nan ake saɓawa.

Bilkisu: Ku tuna yadda ake watanda ana gobe Sallah. Ana kasa naman ne tukuna, kowa ya duba ya yarda kashin nan sun yi, sannan a yi ƙuri'a. Ba wanda ya san nasa lokacin da ake kasawa, shi ya sa kowa ke sa ido a yi adalci. To haka za a yi wa ɗakuna. A sa wa kowane ɗaki farashi kafin a san mai shigarsa. In mutum biyu ne ma ya fi sauƙi: ɗaya ya sa farashi, ɗayan ya zaɓa. In ka tsuga wa babban ɗaki kuɗi, abokinka zai bar maka shi. In ka karya shi, ya ɗauke.

Nura: Wannan kam ba ni da ta cewa. Amma fa akwai wanda ya sha yawo da ejan, ya biya kuɗin duba gida, ya ƙona mai. Shi ba shi da fifiko?

Auwal: A mayar masa da abin da ya kashe, ko a bar shi ya fara zaɓe. Amma ba zai zaɓi babba kuma ya biya kuɗin ƙarami ba. Ni abin da ya fi damuna wuta ce. Tun da aka ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin A, wato waɗanda suka fi samun wuta, zuwa naira 225 kan kowane yunit a watan Afrilun 2024, ko da yake an ɗan rage daga baya, mita ta zama abin tsoro. Wani fanka kawai gare shi da cajin waya. Wani yana da na'urar sanyaya ɗaki, ga hita, ga dutsen guga kullum safe. Sai a ce a sayi kati a raba uku.

Bilkisu: A kunna na'urar awa ɗaya a duba abin da mita ta ci, ai tana nunawa. Daga nan kowa ya san nauyinsa. Ruwa da kuɗin shara da na masu gadi, waɗannan a raba bisa yawan kawuna, kada a tsaya ƙirga jarkar mai ruwa.

Nura: Tunda kin ce kawuna, to baƙo fa? Ƙanin mutum ya zo daga Katsina neman aiki, aka ce sati guda zai yi, ga shi har an san shi a masallacin unguwa. Ni ba zan iya cewa ɗan'uwan abokina ya biya ba, wallahi.

Auwal: Ba shi za ka yi wa magana ba, wanda ya kawo shi. Hadisi ma kwana uku ya ba baƙo, abin da ya wuce haka sadaka ce, kuma ba a yin sadaka da aljihun mutum ba tare da ya sani ba. In zama ya yi nisa, yayansa ya ƙara a kuɗin wuta da ruwa da cefane.

Nura: Zan dai ji nauyi.

Bilkisu: Shi ya sa ake faɗa tun ranar farko, lokacin da ba baƙon kowa a gidan. Sannan ga abin da mutane ke mantawa: sunan wa ke kan takardar yarjejeniya? Mai gida mutum ɗaya ya sani. Shi za a ba takardar sanarwar tashi, wadda a dokar Abuja wata shida ce ga mai hayar shekara in yarjejeniya ba ta faɗi wani abu daban ba. Shi kuma za a mayar wa kuɗin ajiya. In an yi masa canjin wurin aiki zuwa Legas, sauran kun zama 'yan rakiya. Ku nemi a rubuta sunayenku duka.

Auwal: Wanda ya tashi a tsakiyar shekara kuma kada ya sa ran mai gida zai dawo masa da komai. Ya nemo wanda zai maye gurbinsa, sauran su yarda da shi, mai gida ma ya sani, domin yawancin takardun nan sun hana ka saka wani ba da izini ba.

Nura: In kuma wani ya cike wa wani kuɗinsa, ya ce in an yi albashi ka ba ni?

Bilkisu: Bashi ne, a rubuta. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Ba sai an je wajen lauya ba, ku buɗe zaure a WhatsApp, duk wanda ya tura kuɗi ya saka shaidar a ciki da adadin da ya rage.

Nura: Ni da na ɗauka zauren na tura hoton mita ne idan ta fara kuka.

Auwal: Har da shi. Lokaci ya cinye mu, ba mu ma taɓa maganar tukunya ɗaya ko kowa tasa ba. Sai mako mai zuwa.