Man giyar jirgin ruwa ya koma kamar shayi da madara: ta ina ruwa ya shiga?

Dubi wannan man da ke zuba cikin roba. Da aka zuba shi a farkon shekara garai-garai yake, yau ga shi ya yi fari-fari kamar shayin da aka cika wa madara. Ruwa ne ya shiga, kuma kafin mu zuba sabo sai mun gano ƙofar da ya bi.

Irin wannan jirgin, injinsa na cikin jirgi, amma giya da farfela suna waje a baya, cikin wata ƙafa da ke nutse a ruwa. Shi ake kira sitandiraif. Kamfanin Volvo Penta ne ya fara fito da shi kasuwa a 1959, yau kuma samfurin Alpha One da Bravo na MerCruiser sun cika tafkunan Amurka da Kanada. A can, da sanyi ya gabato ake fitar da jirage a yi musu sabis, don idan ruwa ya kwana a cikin ƙafar ya daskare, yakan kumbura har ya tsaga gidan giya. Gyaran roba guda ya koma sayen ƙafa sukutum.

To, ka sauke ƙafar ta miƙe tsaye, ka bar ta ta huta. Ruwa ya fi mai nauyi, saboda haka idan ka kwance notin da ke toshe ramin mai na ƙasa, shi zai fara fitowa. Sai ka kwance na sama don man ya sauko sosai. Kar ka yi saurin goge notin ƙasan nan, akwai maganaɗisu a bakinsa. Ɗan gari-garin ƙarfe mai laushi ba abin damuwa ba ne. Amma in ka murza da yatsa ka ji ɓarɓashi mai kaifi, haƙorin giya ko boris ya fara ci.

Wanda na fi fara zargi shi ne mafi araha: ɗan washan da ke ƙarƙashin notin. Mutane na mayar da tsohon, ya riga ya baje, ruwa ya riƙa tsattsafowa. Sabo ake sawa duk lokacin da aka kwance.

Daga nan ka cire farfela. Kalli bayanta da kyau. Ka ga wannan abin da ya naɗe a jikin sandar kamar gashi? Zaren fatsa ne. Farfela ta kwaso shi, ya yi ta matsewa da zafi har ya yanka leɓen sil, wato zoben robar da ke tare mai da ruwa a jikin sandar. Sau da yawa nan maganar take ƙarewa. Wani abu kuma, baƙin mai da ke ɗigowa ta tsakiyar farfela ba lallai man giya ba ne, don hayaƙin inji ta nan yake fita. Shinshina. Man giya yana da wari mai ƙarfi wanda ba ya ɓuya.

Yanzu gwajin da zai raba gardama. Ƙafar babu mai a ciki, ka toshe rami ɗaya, ka ɗaura famfon hannu mai geji a ɗayan. In jirgin na da ƙaramin tankin man giya kusa da inji, ka toshe tiyonsa, in ba haka ba iska can za ta gudu ka yi ta neman yoyon da babu. Hura a hankali zuwa wajen psi 10 (ma'aunin ƙarfin iska a geji), kar ka wuce abin da littafin kamfanin ya ce, domin iska mai yawa kan ture sil mai lafiya. Sa ido a kan allura na kamar minti 15. Kana jira kana juya sandar farfela, kana motsa giya gaba da baya, saboda wani yoyon sai ana motsi yake bayyana. In allura ta sauka, fesa ruwan sabulu a kowace mahaɗa. Inda kumfa ta taso, nan ne.

Yawancin mutane a nan suke tsayawa, kuma kuskure ne. A sandar farfela sil biyu ne suka ba juna baya: ɗaya na tsare mai kar ya fita, ɗaya na tsare ruwa kar ya shiga. Iska na iya riƙewa tsaf alhali na wajen ya mutu. Ƙafar takan yi zafi a tafiya, in ta huce cikin ruwan sanyi sai ta zuƙo ruwa. Don haka ka juya famfon ya zuƙe iska, ka sake kallon allura.

In ba ka ga kumfa a waje ba amma allura na sauka, yoyon na ciki. A Alpha One ka duba sil ɗin da ke ƙarƙashin famfon ruwa da na sandar sauya giya. Idan ka zare ƙafar daga jirgi ka tarar da mai cikin robar nan mai kama da zugazugi, sil na sama ne.

Kafin ka sa sabon sil, bi sandar da farce. In farcenka ya maƙale a wani layi, sabon ma zai yi yoyo. Ka sake gwajin biyu bayan gyara, sannan ka zuba mai ta ramin ƙasa har ya fito ta na sama, ka ɗaure na saman tukuna kafin ka zare famfo.