Amsoshin Tambayoyinku: Me ke mayar da mutum kallon mawaƙan da ya riga ya gani?

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa a filin amsoshin tambayoyinku. Saƙonnin wannan makon kusan duk kan kiɗa suka faɗo, to bari mu fara da wanda ya fi tsawo, daga wani ɗan uwa ɗan Katsina da ke tuƙin bas a Landan. Ga abin da ya rubuto: "Malam, akwai wani dattijon Bature da muke aiki tare, tun yana saurayi yake zuwa kallon Rolling Stones, duk sanda suka fito wasa sai ya je, har Faransa da Jamus yake bin su, kuma fa waƙoƙin nan duk yana da su a waya. Ni abin ya ɗaure min kai wallahi, meye amfanin ka biya kuɗi ka je ka ga abin da ka riga ka gani?"

To ɗan uwa mun gode, kuma kafin in ba ka amsa ni ma ga tawa tambayar, sau nawa ka tsaya kallon hawan sallah a Katsina? Dawakin nan ka san su, algaita ka san ta, hanyar da sarki zai bi ma ka haddace, amma duk shekara sai ka saka sabon ɗinki ka je ka tsaya cikin rana, kuma in shekara ta zo ba ka samu zuwa ba sai ka ji sallar ba ta cika ba. To abokin aikin nan naka kusan haka abin yake a wajensa.

Su dai waɗannan mutane, Rolling Stones, ƙungiyar makaɗa ce ta Ingila, sun daɗe ana yi da su. Mawaƙinsu Mick Jagger da mai jitarsu Keith Richards tun suna yara suka san juna, sai suka sake haɗuwa a tashar jirgin ƙasa ta Dartford a 1961, Jagger na rungume da fayafayan baƙaƙen fatar Amurka irin su Muddy Waters da Chuck Berry, hira ta ɓarke a kan kiɗa, shi ke nan. Wasansu na farko a watan Yuli na 1962 suka yi shi a wani kulob na Landan mai suna Marquee. Ka lissafa da kanka, wanda ya fara binsu yana ɗan shekara sha takwas yanzu jikokinsa sun girma, ya yi aure yana jinsu, ya rasa iyaye yana jinsu, wasu ma a filin wasan suka haɗu da matansu. Saboda haka in ya sayi tikiti ba waƙa kaɗai ya saya ba, akwai ƙuruciyarsa a ciki da mutanen da suka je tare a da waɗanda yanzu babu su.

Na ga wannan da idona a Hyde Park a 2022, lokacin da suke zagayen cika shekara 60. Kafin su fito sai aka fara nuna hotunan Charlie Watts a manyan allunan da ke gefen dandamali, shi ne mai gangarsu tun 1963 har Allah ya yi masa rasuwa a watan Agusta na 2021 yana da shekara 80. Wani tsoho da ke tsaye gabana, rigarsa mai tambarin ƙungiyar na jan harshe ta koɗe har ta yi fari-fari don tsufa, ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji yana share hawaye da bayan hannu, ɗansa kuma ya dafa masa kafaɗa bai ce komai ba. Da aka kashe hotunan jitar Keith ta tashi, sai ga tsohon nan yana tsalle kamar ba shi ne ke kuka yanzu ba. Daga baya ya ce min a filin nan ya tsaya a 1969, ranar da suka yi wasa kyauta kwana biyu bayan mutuwar Brian Jones, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar, ya dawo a 2013, ga shi yau ya kawo ɗansa. Wannan ba a waya ake samunsa ba ɗan uwa.

Sannan batun cewa abu ɗaya yake gani, a'a ba ɗaya ba ne. Kiɗan da ake yi a gabanka yana da rai, yau mai jita zai ja wani wuri ya tsawaita, gobe ya gajarce, wani dare muryar mawaƙi ta buɗe wani dare ta dushe, kuma masu bin nasu sun san duk wannan, suna fitowa za ka ji suna gardama wai na bana ya fi na bara zafi. Har sukan ba jama'a dama su zaɓi waƙa ɗaya ta intanet kafin wasa, to wanda ya shekara talatin yana jiran a yi wata tsohuwar waƙa da ba kasafai suke yinta ba, ranar da aka yi ta ai sallarsa ce. Duk wanda ya taɓa zama gaban marigayi Shata ya san abin da nake nufi, kaset daban, zama a gabansa yana kallonka yana ƙaro baiti nan take daban.

In ma kana ganin abokin naka ya yi yawa, to a Amurka akwai waɗanda suka fi shi. Wata ƙungiya ce Grateful Dead da ta fara a Kalifoniya a 1965, sun yi wasa sama da 2,300 kafin jagoransu Jerry Garcia ya rasu a 1995, kuma al'adarsu a lokacin ba sa maimaita jerin waƙoƙin jiya a yau, shi ya sa masoyansu da ake kira Deadheads suke tattara komatsai a mota su bi su gari gari, suna sayar da abinci da riguna a wajen fakin don su samu na mai da na tikiti. Har wuri na musamman aka ware wa masu ɗaukar sauti, su naɗa a kaset su yi musaya a tsakaninsu ba sayarwa ba. Ni dai shawarata gare ka, ranar da kuke hutun shayi ka tambayi dattijon nan wane wasa ne ya fi tsaya masa a rai, ka zauna ka saurara, za ka ji tarihin rayuwarsa gaba ɗaya.

Saƙo na biyu daga wata baiwar Allah ce a Damagaram, ta ce: "Dan Allah da gaske ne Abzinawan nan na Tinariwen sun taɓa hawa dandamali ɗaya da Rolling Stones, ko labarin gari ne?"

Hajiya da gaske ne. A watan Agusta na 2007 Tinariwen na cikin waɗanda suka buɗe musu wasa a Slane Castle a ƙasar Ailan. Kuma abin ya dace sosai, don ita Tinariwen ma tsohuwar tafiya ce, Ibrahim Ag Alhabib ɗan arewacin Mali ya fara haɗa ta da abokansa a Tamanrasset ta Aljeriya wajen ƙarshen shekarun 1970, suna gudun hijira, ba situdiyo ba kamfani, kaset ne kawai ke yawo hannu zuwa hannu cikin sahara. A 2012 suka ci kyautar Grammy. Ga Bombino na Agadas da aka saka sunansa a takarar Grammy a 2019, ga Mdou Moctar mai kaɗa jita da hagu wanda yanzu Turawa ke cika ɗaki don su gan shi, kuma in kin lura a Turai da Amurka su ma sun samu nasu masu bin da ba sa fashi, duk zuwan da suka yi fuskokin nan dai za a gani a sahun gaba. Ke da kike Nijar ma kin fi mu sanin yadda matasa ke bin masu jita daga wannan biki zuwa wancan, a shimfiɗa darduma a tada janareta a kwana ana tafi.

Na ƙarshe gajere ne, wani ɗalibi daga Zariya ke tambaya wai ta yaya tsoho mai shekara 80 irin Mick Jagger yake iya gudu a kan dandamali awa biyu.

To ɗalibi, Jagger a 1943 aka haife shi, kuma mahaifinsa malamin motsa jiki ne, tun yana yaro ya saba da atisaye bai kuma daina ba, kafin kowane zagaye sai ya yi makonni yana gudu da rawa da gyaran murya. A watan Afrilu na 2019 aka yi masa aikin zuciya har aka ɗage wasanni, watan Yuni na shekarar ya dawo dandamali a Chicago, kuma a 2024 ya zagaya Amurka yana da shekara 80 cif. Akwai kuma dabara a tsarin wasan, in an kai tsakiya Keith ne ke karɓar makirufo ya yi waƙa biyu shi kuma ya shiga ciki ya huta ya canza riga. In Allah ya sa wata rana ka samu zuwa irin wannan wuri, kar ka tsaya dab da lasifika, ka nemi abin toshe kunne ka saka, ƙarar tana iya barinka da ƙugi a kunne har washegari, wani ma ba ya warkewa.

Lokaci ya kama mu, sauran saƙonnin sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, akwai na wani ɗan uwa daga Kumasi kan yadda ake haɗa jitar lantarki da lasifika, da shi za mu buɗe. A ci gaba da rubuto mana, a huta lafiya.