Na Kai Umma Yawon Ƙafa a Rothenburg

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau dai ba ni kaɗai ba ce, ga Umma nan a gefena, ta zo mana ziyara daga Kano sati uku kenan, kuma tunda ta sauka ake ce mata ta riƙa ɗan taka ƙafa saboda gwiwa, to ni kuma na ce ai ba za mu yi ta zagaya layinmu ba kullum, bari in kai ta inda za ta taka a hankali kuma ido ya sha kallo. Umma ki gaisa da mutane. Ta ce tana gaishe ku, wai sanyi ya hana ta magana.

Daga birnin Würzburg na nan Jamus muka taso, muka canja jirgi a Steinach, daga nan wani ɗan ƙaramin jirgin ƙasa ya kawo mu. Sunan garin Rothenburg ob der Tauber, wato Rothenburg da ke saman kogin Tauber, don garin a kan tudu yake kogin kuma yana can ƙasa cikin kwari. Yana jihar Bavariya, mutanensa ba su wuce dubu 11 da ɗoriya ba. Daga tasha zuwa ƙofar gari minti goma ne a ƙafa, mu da muke tafiyar Umma mun yi sha biyar.

Ga ƙofar nan, Rödertor. Ku ga abin da ya sa na kawo ta, garin gaba ɗaya a cikin ganuwa yake, ta dutse, da hasumiyoyi wajen 42, kuma ana hawa kan ganuwar a yi tafiya kyauta ba ko sisi. Matakalar hawan ce kawai ke da ɗan tsayi kuma matsattsiya ce, don haka in kun zo da babba ku riƙe masa hannu, amma da zarar an hau shi kenan, hanya ce miƙaƙƙiya da rufin katako a sama, ko ruwa ake ba zai dame ku ba. Masu tsawo dai ku riƙa sunkuyawa. Ta hagu ƙananan tagogi ne da ake leƙen abokan gaba a da, ta dama kuma rufin gidaje ja wur, har lambun mutane kana gani, ga wata tsohuwa can tana shanya.

To nan ne fa Umma ta tsaya. Bari in matso da kamara. Kun ga waɗannan duwatsun da aka manna a bango, kowanne da suna da gari? Wannan daga Japan, wancan daga Amurka, wannan kuma wani kamfani ne na nan Jamus. Ta ce Auta, kaburbura ne? Na ce a'a Umma, sunayen waɗanda suka ba da kuɗi ne. Ranar 31 ga Maris 1945, saura makonni kaɗan yaƙin duniya na biyu ya ƙare a Turai, jiragen Amurka suka yi wa garin ruwan bama-bamai, kusan kashi 40 cikin ɗari na tsohon garin ya ƙone, musamman wannan ɓangaren na gabas da muke tsaye. Bayan yaƙi babu kuɗi, sai suka nemi taimako, duk wanda ya ɗauki nauyin gyaran mita ɗaya ko fiye na ganuwar a sa sunansa a wurin. Haka aka tada ta.

Umma ta daɗe tana shafa dutsen ba ta ce komai ba, ni na san inda hankalinta ya tafi. Ta taso kusa da badala ne, tana ba mu labarin suna yara suna hawa can sama su hango har bayan gari, yanzu in ka je wurin wani gun an yanka an yi shago, wani gun an ɗebe ƙasar an yi bulo, wani gun ma ba ka gane an taɓa yin ganuwa. Ganuwar da aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu fa, wajen shekara ɗari tara. Na san za a ce ai tamu ƙasa ce tasu dutse, gaskiya ne, ƙasa sai da yaɓe duk bayan damina, amma wallahi wannan ɗin wuta ce ta cinye ta suka sake ɗorawa mita mita. Umma cewa ta yi, da za a ce kowa ya ɗauki taku goma a sa sunansa, da attajiran Kantin Kwari kaɗai sun gama. Abin ya tsaya min a rai har yanzu.

Mun sauka a Spitalbastei, can ƙarshen kudu. Akwai rubutun Latin a saman ƙofar, ma'anarsa aminci ga mai shigowa, lafiya ga mai fita. Da na fassara mata ta ce amin. Daga nan sai cikin gari, titin duk shimfiɗar dutse ne, don Allah ku sa takalmi mai faɗin ƙasa, kar a zo da mai tsini. Ga Plönlein, ɗan gidan nan mai ruwan ɗorawa da hanya ta rabu biyu a gabansa, shi ne kowa ke ɗauka a hoto, cunkoso ne sosai mun wuce kawai.

Mun sayi Schneeball, abin garin kenan. Fulawa ce ake yankawa siri-siri a dunƙule kamar ƙwallo a soya a barbaɗa sukari, Umma na gutsura ta ce ai wannan dublan ne bai sha sukari ba. Amma ku tambaya kafin ku saya, wasu suna zuba giya a kwaɓin ko a abin da ake shafawa a kai, mu mun tambaya aka nuna mana wanda babu.

Yanzu hanya biyu ce. Wanda ƙafarsa ba za ta iya gangara ba ya wuce Burggarten, lambu ne a inda fadar sarakuna take a da, shimfiɗe yake ga kujeru ko'ina, kana zaune kana ganin kwarin gaba ɗaya da garin ta gefe. Ni nan na so mu tsaya, Umma ta ce ina, tunda ta zo sai ta ga ruwan.

To ga mu mun gangaro ta ƙofar Kobolzeller Tor a hankali, tana dafe da kafaɗata. Ku saurara. Babu hayaniya ko kaɗan, minti ashirin da barin mutane sai ƙarar ruwa da tsuntsaye. Wannan gadar mai hawa biyu, baka a kan baka, tun ƙarni na 14 take, ita ma an fasa ta a 1945 aka sake ginawa. Kogin ƙarami ne, bai kai yadda sunansa ya yi ba, amma ruwan garau, ga agwagi, ga ganye duk ya koma ja da rawaya yana zubowa kan hanya, ga tsofaffin gidajen niƙa da ruwa ke juya musu injin a da. Ɗan gaba kaɗan akwai wani gida kamar an ɗora akwati a kan hasumiya, Topplerschlösschen, magajin garin Heinrich Toppler ne ya gina shi a 1388. Hanyar nan duk a kwance take, masu keke ne kawai za ku riƙa kaucewa.

Mun samu wuri a ƙarƙashin bishiya mun shimfiɗa darduma mun yi azahar, wani dattijo da karensa ya ja baya ya jira har muka sallame sannan ya wuce, ya ɗaga mana hannu. Ku taho da ruwan alwala a gora, na kogin sanyinsa ba wasa.

In kun ci gaba za ku isa Detwang, ɗan ƙauyen da ya girmi garin kansa, daga can hanya ta hau zuwa ƙofar gari ta Klingentor, kuma hawan nan shi ne kaɗai wahalar yau, ba zan ɓoye muku ba. Umma ta zauna a benci ta cire takalmi tana matsa gwiwa, na ce mu kira tasi ne? Ta ce Auta bar ni in huta minti goma, da ƙafata na sauko da ita zan hau. To bari in kashe kamara in zuba mata shayi, sai mun haɗu a sama.