Yadda faladiyom ke yin sanyi a kan gawayi, da yadda ake farfaɗo da shi

Assalamu alaikum. Malamai da ɗalibai, ku dubi baƙin garin nan da ke cikin kwalba. Kashi 95 cikin ɗari gawayi ne, kashi 5 faladiyom, wani ƙarfe mai daraja. Irin wannan gawayi, sau da yawa daga ɓawon kwakwa ake yin sa, a gasa shi da tururi har ya cika da ƙananan ramuka. Faɗin cikin ramukan giram ɗaya kacal kan kai murabba'in mita 1000. A nan ake baza ƙarfen ƙwaya-ƙwaya, domin ya hanzarta haɗuwar haidurojin da sauran sinadarai. Masu haɗa magunguna sun dogara da shi, haka ma masu tace asid ɗin tereftalik da ake yin robar goran ruwa da shi.

To, me ke sa ya yi sanyi, wato ƙarfin aikinsa ya ragu?

Wani lokaci datti ne kawai. Sinadarai masu kauri sun kwanta a kan ƙarfen, sun toshe ramuka, kamar garwashin da toka ta lulluɓe. Wannan da sauƙi: a wanke da ruwan zafi, ko ruwan soda, ko tururi, sai ka ga ƙarfinsa ya dawo. Guba ta fi wuya. Farar wuta, ko da 'yar kaɗan ce, tana manne wa faladiyom ƙam, har ta shiga jikinsa ta mayar da shi wani sinadari dabam.

Wadda ta fi damuna ita ce ta uku. Idan zafi ya daɗe, ƙwayoyin nan sai su yi ta rarrafe suna haɗewa. Ka auna, ƙarfe na nan bai ragu ba, amma yawancinsa ya shige ciki, haidurojin ba ya kai gare shi. Wanki ba ya maganin wannan.

Ku saurara da kyau a nan. Da a kan alumina aka ɗora ƙarfen, wato wani farin sinadari da ba ya cin wuta, sai a hura iska a zafin digiri 400 zuwa 500 na ma'aunin Salshiyas, datti ya ƙone. A kan gawayi ba hali, don shi kansa makamashi ne, faladiyom ɗin ma yana taya shi kamawa. Shi ya sa nake roƙonku, ku fara gano abin da ya same shi kafin ku taɓa shi. Kada kuma ku bar wanda aka gama aiki da shi ya bushe a kan takardar tacewa. Ya sha haidurojin, ga metanol a jikinsa, wato ruwan sinadari mai saurin kama wuta da aka yi aikin a cikinsa, da ya haɗu da iska sai wuta. A jiƙe ake ajiye shi.

Idan ƙwayoyi sun riga sun haɗe, sai a kai shi matatar ƙarafa masu daraja. Can ne saurin ƙonewar gawayi ke yin rana. A ƙone shi ƙurmus, a narkar da tokar cikin gaurayen asid ɗin naitirik da haidurokulorik, a fitar da faladiyom, a sake baza shi a kan sabon gawayi.